Maigida ya ce in yi ciniki da lambar harajinsa

Assalamu alaikum Hajiya, ina fatan kina lafiya tare da iyali. Ni matar aure ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina da 'ya'ya huɗu, kuma mu biyu ne a wurin maigidanmu, ni ce amarya. Na daɗe ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Jarina na farko kwasar adashi ce, sai kuma kuɗin tumakin da mahaifiyata ta sayar ta ba ni. Yanzu Allah ya sa albarka, mata uku ke taya ni suya da matsa, kuma cinikina a wata yakan kai sefa 400,000. Kwanakin baya wani otel a garin nan suka gwada man da nake yi, suka ce za su riƙa ɗaukar na kimanin sefa 300,000 duk wata, da sharaɗin in riƙa kawo faktir, wato takardar lissafin kayan da na sayar musu, mai ɗauke da lambar haraji, su kuma su biya ta banki. Ni ba ni da wannan lamba. Maigidana yana da shagon kayan babur, yana da rajista da lambarsa, sai ya ce kada in wahalar da kaina, a riƙa rubuta faktir da sunan shagonsa, kuɗin su faɗa asusunsa, shi kuma ya ciro ya ba ni. Ya ce wanda ya kai kansa ofishin haraji ya ɗebo ruwan dafa kansa, domin shi ma an taɓa garƙame masa shago saboda bashin lampo, wato haraji, kuma har yanzu bai gama biya ba. Da na ce na fi son in yi tawa, sai ransa ya ɓaci, ya ce ashe duk zaman nan ban yarda da shi ba. Mahaifiyata ta ce ko kusa kada in amince. Ƙanena ya duba intanet ya ce gwamnatin tarayya ce ke ba da lambar cikin 'yan mintoci, wani mai shagon kwamfuta kuma ya ce in ba shi sefa 25,000 ya gama mini komai ina zaune a ɗakina. Tsakanina da Allah maigidana bai taɓa cin mini ko dala ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Otel ɗin sun ba ni zuwa ƙarshen watan gobe. Yaya zan yi in samu cinikin nan ba tare da na ɓata zaman aurena ba?

Wata baiwar Allah, daga Garwa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ƙara wa sana'arki albarka, ya raya miki zuri'a. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shaidar da kika yi wa maigidanki cewa bai taɓa cin miki ko dala ba, alhali kina cikin jin zafin maganar da ya faɗa miki. Ki riƙe wannan shaida da kyau, domin da ita za ki buɗe zancen da zan ba ki shawarar ki yi da shi. Amsata a taƙaice ita ce ki nemi lambarki ta kanki, da sunanki, amma ki neme ta da saninsa, kuma bayan kin zauna kin yi lissafin abin da za ta ɗora miki. Dalilan suna da ɗan tsawo, sai ki yi haƙuri da ni.

Bari mu fara kawar da ruɗanin da ƙanenki ya kawo, ko da yake da kyakkyawar niyya ya kawo shi. Abin da ya karanta bayanin wata ƙasa ne. A Amurka akwai lamba mai alƙaluma 9 da hukumar harajin tarayyarsu ke bai wa kamfanoni da masu sana'a, kuma a kanta rubuce-rubuce masu yawa na intanet suke magana. Najeriya ma tarayya ce mai tata lambar da tata hukumar. Mu nan Kamaru an bar tsarin tarayya tun ƙuri'ar raba-gardama ta 20 ga Mayun 1972, kuma hukuma ɗaya ce ke ba da lamba daga Kusiri har Duwala, wato Babbar Hukumar Haraji da ake kira DGI, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi. Lambar tamu ita ce NIU. Haɗin haruffa da alƙaluma 14 ce, tana farawa da harafin P idan ta mutum ce, ko da harafin M idan ta kamfani ko ƙungiya ce, kuma mutum ɗaya lamba ɗaya yake riƙewa, ko da ya canja sana'a ko ya bar Garwa ya koma Marwa. Ana neman ta a shafin hukumar na intanet ko a ofishin haraji na yankin da kike zaune, ana buƙatar katin ɗan ƙasa da lambar waya da ɗan zanen da ke nuna inda wurin sana'ar yake, kuma rajistar kanta kyauta ce. Abin da za ki fito da shi takardar shaida ce mai ɗauke da sunanki da lambar, wadda ta maye gurbin tsohon katin mai biyan haraji. Tun daga dokar kasafin kuɗi ta 2020 aka wajabta nuna wannan lamba wajen buɗe asusun banki, da ɗaukar inshora, da jawo wuta ko ruwan famfo, da rajistar fili. Saboda haka kafin komai ki bincika ko kina da ita ba ki sani ba, musamman idan kin taɓa buɗe asusu a ƙaramin bankin lamuni wani ya cike miki takardun. Idan akwai ta, ba a yin ta biyu, gyara kawai za a yi a nuna cewa yanzu kina sana'a.

Shi kuwa mai shagon kwamfuta, ba laifi ba ne ki biya shi ladan latsa na'ura da buga takarda, tunda abincinsa ke nan, amma sefa 25,000 a kan abin da hukuma ba ta karɓar komai ya yi yawa ƙwarai. Abin da ya fi kuɗin ban tsoro shi ne alkawarin cewa zai gama komai kina zaune a ɗaki. Irin waɗannan masu taimako sukan sa lambar wayarsu da adireshin imel ɗinsu, su riƙe kalmar sirri, su zaɓa wa mutum irin sana'ar da ta fara zuwa musu don su gama da wuri, daga nan duk saƙon da hukuma ta aiko wurinsu zai riƙa zuwa, mai lambar ba ta da labari sai ranar da tara ta taru. Idan za ki nemi taimakonsa, ki tafi da ƙanenki, ki zauna a gefen kwamfutar, ki tabbata wayarki aka sa, an kuma rubuta sunanki harafi da harafi kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, sannan ki bar wurin da kalmar sirrin a rubuce cikin jakarki.

Yanzu ga gundarin maganar. A idon hukuma da banki da kotu, wanda lambarsa ke kan faktir shi ne ya sayar da kayan, shi ne mai kuɗin, kuma shi ake bi idan wani abu ya taso. Ba a tambayar wadda ta tashi da asuba ta hura wuta ta soya gyaɗa, ko wadda ta aika Ngong aka auno mata buhuna lokacin da suke araha. Dokar kasuwanci da muke aiki da ita, wato ta ƙungiyar OHADA mai ƙasashe 17 wadda ta haɗa mu da Chadi da Nijar, ta faɗi abin ƙarara cewa matar ɗan kasuwa ba ta zama 'yar kasuwa a shari'ance sai idan tana gudanar da sana'arta daban da ta mijinta. Muddin manki yana fita da sunan shagon kayan babur, to a takarda ke mai taya miji aiki ce, otel ɗin kuma abokin cinikinsa ne. Idan bayan shekara biyu kika je banki neman rancen sayen injin matsa, abin da za su duba shi ne tarihin shige da ficen kuɗi a asusunki, sai ki tarar duk wahalar da kika sha a littafin wani aka rubuta ta. Dokar 29 ga Yunin 1981 kan rajistar haihuwa da aure ta amince matar aure ta yi sana'ar da ta bambanta da ta mijinta, ta kuma buɗe asusu da sunanta. Sai dai dokar nan ta bar wa miji damar ya nuna ƙin amincewarsa idan ya ga sana'ar na cutar da aure ko 'ya'ya, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa na ce kada ki yi komai a bayan idonsa.

Tsoron da maigidanki ke yi ba na banza ba ne, kuma ba zan ce ki yi watsi da shi ba. Mutumin da ya zo da safe ya tarar an liƙa takarda an garƙame ƙofar shagonsa, maƙwabtansa na kasuwa suna kallo, ba ya mancewa da wannan rana, kuma idan ya ce yana gudar miki irinta ne, ni na gaskata shi. Gaskiya ne lamba tana zuwa da nauyi. Daga ranar da kika shiga kundin masu sana'a an san da ke, za a sa ran ki riƙa bayyana cinikinki kina biyan abin da ya hau kanki a kan lokaci, kuma jinkiri yana jawo tara. Amma gara ki san girman nauyin da alƙaluma, kada ki auna shi da firgici. Dokar harajin ƙananan hukumomi ta 23 ga Disamban 2024 ta kawo haraji guda da ake kira IGS ga masu cinikin da bai kai sefa miliyan 50 a shekara ba, ya maye gurbin tsohon lampon ƙananan 'yan kasuwa da tsarin da ke samansa. An kasa shi aji-aji, daga sefa 20,000 a shekara ga mafi ƙanƙantar sana'a har zuwa miliyan 2 ga waɗanda suka kusanci miliyan 50. Ki lura sosai cewa da yawan ciniki ake auna ajin, riba ba ta shiga lissafin. Cinikinki na yanzu ya kama sefa miliyan 4.8 a shekara, idan aka ƙara na otel zai kai miliyan 8.4, don haka kina nesa da tsarin manyan 'yan kasuwa, kuma harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, na kashi 19.25 cikin 100 bai shafe ki ba, kada ki bari kowa ya ɗora shi a faktir ɗinki. Dole kuma in faɗa miki abin da ba zai yi daɗin ji ba: doka ta ce wanda ya fara sana'a ya yi rajista cikin kwanakin aiki 15, saboda haka zamanki ba lamba ma ba mafaka ba ne. Sana'ar da ta ɗauki mata uku aiki, ƙamshinta yana cika unguwa, jarkoki suna fita a kan babur, ba za ta daɗe tana ɓoyuwa ba, kuma ya fi miki sauƙi ki je da ƙafarki kafin a zo nemanki.

Lissafin da nake nufi ba mai wuya ba ne, amma sai an yi shi da gaskiya. Ki samu littafi ki rubuta kuɗin buhun gyaɗa, da niƙa, da itace, da ladan matan da ke taya ki, da jarkoki, da kuɗin mai babur, ki cire abin da ƙuli-ƙuli ke mayar miki, ki ga nawa lita ɗaya take tsaya miki. Ki yi lissafin sau biyu, ɗaya da farashin kaka lokacin da gyaɗa ta cika kasuwa, ɗaya da farashin tsakiyar damina lokacin da take tsada, domin otel zai so farashi ɗaya shekara guda, kasuwar gyaɗa kuwa ba ta san wannan ba. Daga ribar da kike sa ran samu a kan man otel a shekara sai ki cire harajin ajinki da cajin asusun banki. Idan abin da ya rage ya kai a yi wahala dominsa, to ki ci gaba da ƙarfin gwiwa. A ganina zai kai, amma littafinki ne zai yanke hukunci.

Abin da maigidanki bai hango ba shi ne shawararsa ta fi cutar da shi kansa. Tunda da yawan ciniki ake auna aji, duk sefar da otel ya zuba a asusunsa cinikinsa ce a lissafin hukuma, kuma ƙarin miliyan 3.6 a shekara na iya ɗaga shi zuwa aji na gaba, ya riƙa biyan haraji a kan kuɗin da ba ya cin ribarsu. Rajistarsa ta kayan babur ce, ga shi kuma faktir na fita da man girki, abin da duk mai binciken da ya buɗe littafinsa zai tsaya a kai ya yi tambaya, kuma yin amfani da lambar wani don rufe cinikin wani laifi ne mai tara. Sannan ga bashin da kika ce bai gama biya ba. Hukumar haraji tana da ikon aika wa banki takarda ta riƙe kuɗin da ke asusun wanda take bi bashi, kuma bankin ba zai tsaya bambance kuɗin taya da kuɗin gyaɗa ba. Haka nan manyan masu saye sukan nemi takardar shaidar cewa mai kawo musu kaya ba shi da bashin haraji, wadda ake sabuntawa duk wata 3, kuma mai bashin da bai daidaita da hukuma ba ba ya samun ta. Ranar da otel ya nemi wannan takarda aka rasa, cinikin ya tsaya, ke kin yi asarar abokin ciniki, shi kuma ya ɗauki kunyar cewa ta dalilinsa abin ya lalace. Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, kuma mutumin da ke fama da nasa bashin bai kamata a ƙara masa lissafin wata sana'a a wuya ba.

Akwai kuma maganar da ba a son yi amma ba ta da makawa. Allah ya ba shi nisan kwana, ya ba ki, sai dai rai ba a hannunmu yake ba. Idan ta Allah ta kasance gare shi, duk abin da ke asusunsa da sunan shagonsa dukiyar gado ce har sai an tabbatar da akasin haka, kuma rabon matan mamaci idan akwai 'ya'ya shi ne tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, wanda ke da uwargidanki za ku raba biyu. A wannan rana, cikin zafin rashi, za ki tsaya gaban danginsa da 'ya'yan uwargida kina cewa kaza daga cikin kuɗin nan naki ne, ba tare da takarda ko ɗaya mai sunanki ba. Ko da kowa a cikinsu mai tsoron Allah ne, kin jefa su cikin shakka, kin kuma jefa kanki cikin zargi. Ita ma uwargida tana da haƙƙi a wannan magana ko da ba ta san ana yi ba, domin idan kuɗinki suka gauraya da nasa, duk buhun shinkafar da ya shigo gidan sai a rasa na wane ne, kuma daga irin wannan ne ƙananan maganganu suke tasowa tsakanin abokan zama. Raba asusu kariya ce gare ta kamar yadda yake kariya gare ki.

To yaya za ki faɗa masa duk wannan? Ki fara da fahimtar abin da ya ƙona masa rai. A zatona ya miƙo miki abin da yake ganin taimako ne, wato sunansa da rajistarsa da ya sha wahala kafin ya samu, sai ya ji kamar an mayar masa da hannu. Wataƙila kuma akwai ɗan fargabar da maza da yawa ba sa furtawa, cewa mace idan ta fara shiga banki da ofis da kanta za ta daina ganin girman mijinta. Idan kika je masa da dokoki da hujjoji kamar lauya, za ki tabbatar masa da wannan fargaba. Ki zaɓi daren girkinki, bayan ya ci ya huta, yara sun kwanta, ki ba shi haƙuri a kan yadda maganar farko ta fito, ki faɗa masa da bakinki abin da kika rubuto mini, cewa tun da kuke bai taɓa cin miki ko dala ba. Daga nan ki ce kin yi tambaya, an nuna miki cewa idan kuɗin otel suka bi ta asusunsa harajinsa na iya ƙaruwa, kuma ba ki son sana'arki ta zama sanadin a sake taɓa masa shago. Wannan gaskiya ce tsantsa, babu dabara a cikinta. Sannan ki roƙe shi ya zama shi ne zai raka ki ofishin, tunda ya riga ki sanin hanya, ya san tambayoyin da ake yi da irin amsar da ke jawo wa mutum aji mai nauyi ba gaira ba dalili. Namijin da aka ce masa "Alhaji, kai ka san wurin nan, ka shige mini gaba" ba ya jin an ture shi gefe.

Idan ya sake kawo zancen yarda, ki tuna masa cikin ladabi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma ga muminai aka saukar da ita, mutanen da suka fi mu yarda da juna. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dukiyar mace tata ce, tana saye tana sayarwa da ita, inda miji ke da ta cewa shi ne idan za ta yi kyautar da ta wuce sulusin abin da ta mallaka. Ba na so ki jefa masa wannan a matsayin hujjar cin gardama, ya fi kyau ya ji shi daga bakin malamin da yake girmamawa ko wani yayansa da yake jin maganarsa, idan har abin ya kai ga haka. Game da mahaifiyarki kuwa, tana da gaskiya, kuma tana da haƙƙin magana tunda tumakinta na cikin jarin, amma ki roƙe ta ta bar maganar a hannunki. Da zarar maigida ya ji cewa surukarsa ce ta ce kada a yarda da shi, to zancen ya tashi daga haraji ya koma na mutunci, kuma warware wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Idan kuka daidaita, ga yadda zan so ki bi abin. Ki fara komawa otel ɗin, ki nemi mai kula da sayayyarsu ya rubuta miki ainihin takardun da suke so, domin wasu lambar NIU kaɗai ta ishe su, wasu kuma sai da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da ake yi a ofishin magatakardar kotu. Ki tambaye shi bayan kwana nawa suke biya idan an kawo kaya, domin mai jari irin naki idan aka riƙe mata kuɗin wata biyu sai tukunya ta huce. Ki tambaye shi ko suna cire wani kaso na haraji kafin su biya, idan suna cirewa su riƙa ba ki takardar shaidar abin da suka cire. Ki kuma nemi yarjejeniya a rubuce, ko ta shafi ɗaya ce, mai nuna yawan lita da farashi da lokacin da za a iya sake duba farashin. Bayan haka sai ku nufi cibiyar kafa sana'o'i da ake kira CFCE, akwai ta a nan Garwa, wadda aka kafa domin mutum ya gama rajistar kotu da ta haraji a wuri ɗaya. A can ki yi tambaya kan matsayin ƙaramin mai sana'a da dokar OHADA ta ƙirƙiro a gyaran 2010, wanda bayyana sana'a kawai yake buƙata, kuma ɗawainiyarsa ba ta kai ta cikakken ɗan kasuwa ba. Da takardar lambarki a hannu sai ki buɗe asusu da sunanki, ki ware shi domin sana'a kaɗai, kada kuɗin biki ko na adashi su bi ta cikinsa. Idan kika yi haramar abin a makon nan, wa'adin da otel ya ba ki zai isa.

Akwai wasu hanyoyin idan wannan ta ƙi. Kuna iya kafa ƙaramin kamfani na haɗin gwiwa irin SARL, wanda tun dokar Disamban 2016 mafi ƙarancin jarinsa ya sauko zuwa sefa 100,000, a rubuta kason kowa a takarda, kamfanin ya samu lambarsa mai harafin M. Wannan zai ba maigida matsayi a sarari, sai dai ɗawainiyar lissafinsa ta fi yawa, kuma ban ga dalilin da za ki ba da kaso a sana'ar da kika gina ke kaɗai ba, sai fa idan zai zuba jari na gaske. Kuna iya haɗuwa da matan da ke taya ki da wasu masu irin sana'ar ku kafa ƙungiyar gama-kai, wadda mafi sauƙinta mutum 5 take buƙata, amma wannan ba abin da za a gama kafin ƙarshen watan gobe ba ne. Hanya ta ƙarshe ita ce ki riƙa sayar wa maigida man a kan sari, ya biya ki ya karɓi rasit, ya ƙara man girki cikin abin da rajistarsa ta ƙunsa, shi kuma ya sayar wa otel ya ci 'yar ribarsa. Wannan halal ne, kuma ya fi aron lamba tsabta, amma ki sani cewa a wannan tsari otel ɗin nasa ne, bashin harajinsa kuma yana nan yana barazana ga cinikin. Idan za ki bi ta, ki bi ta na ɗan lokaci, da wa'adin da kuka ambata tun farko.

Idan kuwa duk da lallashi da sa bakin manya ya ce sam bai yarda ki yi lamba ba, kuma bai yarda da sari da rasit ba, sai dai kuɗin su faɗa asusunsa ba tare da rubutu ba, to shawarata ita ce ki ba otel haƙuri a wannan karon, ki ci gaba da cinikinki na unguwa, ki bar ƙofar maganar a buɗe zuwa wani lokaci. Na san da ciwo a bar sefa 300,000 duk wata, amma man da ya burge otel ɗaya zai burge wani, kuma rajistar da doka ta ɗora miki tana nan tana jiran ki sake tayar da zancenta idan ransa ya yi sanyi. Kada ki je ki yi lambar a ɓoye da nufin ki nuna masa daga baya, domin zai ji ta bakin wani tun kafin ki shirya, kuma a lokacin maganarsa ta rashin yarda za ta samu gindin zama.

Abu ɗaya ya rage, wanda da yawa suke mancewa da shi bayan murnar karɓar takarda. Ranar da aka ba ki lambar, ki sa ma'aikacin ya rubuta miki ajinki da adadin kuɗin da ranakun biya, ki liƙa takardar a inda za ki riƙa ganinta. Ana iya biya ta waya, amma duk yadda kika biya ki adana shaidar a cikin jaka ɗaya da kwafin faktir ɗinki, kada ki miƙa wa kowa kuɗi a hannu ba tare da rasit na hukuma ba. Idan wata rana ciwo ko haihuwa ko tsadar gyaɗa ta sa kika dakatar da sana'ar, ki je ofishin ki sanar da su a rubuce, ki karɓi kwafi mai hatimi, domin idan ba ki sanar ba lissafi zai ci gaba da hawa kanki kamar kina ciniki. Ki rubuto mini bayan kun yi maganar da maigida, ki gaya mini abin da otel suka ce game da takardu da lokacin biya, sai mu duba yarjejeniyar tare kafin ki sa hannu.